Awartakin Nicopress 64-CGMP: aikin da yake yi wa igiyoyin ƙaramin jirgin sama da aikin da yake bar wa mai shi

Dokar Amurka ta yarda mutum ya haɗa jirgin sama a garejin gidansa, ya yi masa rajista, ya kuma tashi da shi, matuƙar shi ne ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, kuma ya yi ne don neman ilimi ko nishaɗi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, FAA, takan ba irin wannan jirgi takardar shaida a rukunin jiragen gwaji, sai dai ba ta tsayawa a kan maƙerin tana duba kowace ƙusa da ya buga. Ƙungiyar masu haɗa jiragen gwaji ta EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953 kuma take taronta na shekara-shekara a Oshkosh ta jihar Wisconsin, tana da masu ba da shawara da ke ziyartar maƙera kyauta, amma su ma shawara ce iyakarsu. Nauyin tabbatar da cewa abin da aka haɗa ba zai kwance a sama ba yana wuyan wanda ya haɗa shi.

Jirgin da nake haɗawa shi ne Pietenpol Air Camper, wanda Bernard Pietenpol, mutumin jihar Minnesota, ya tsara a ƙarshen shekarun 1920 don ya tashi da injin motar Ford. Jirgi ne na katako da ƙyalle mai kujeru biyu, kuma duk inda mutum ya duba a jikinsa sai ya ga igiyar ƙarfe: wasu suna jan filafilan jela da na gefen fukafukai, wato sassan da matuƙi ke motsawa don sarrafa jirgin, wasu kuma an gicciya su ne don su riƙe fukafukan da jelar kada su motsa. Kowace igiya tana da baki biyu, kowane baki kuwa sai an lanƙwasa shi an ɗaure. A dalilin haka na sayi awartakin matsi na Nicopress mai lamba 64-CGMP, wanda kamfanin National Telephone Supply da ke Cleveland a jihar Ohio yake ƙerawa, kuma bayan na yi aiki da shi a kan yawancin igiyoyin jirgin na ga ya dace in faɗi yadda na same shi.

A ido, ba shi da bambanci sosai da almakashin yanke rodi da magina ke amfani da shi. Tsawonsa ya kai kusan rabin mita, yana da hannaye biyu masu nauyi, a bakinsa kuma akwai ramuka huɗu da aka yi wa alama da haruffan C, G, M da P. Kowane rami na kaurin igiya ɗaya ne: inci 1/16, 3/32, 1/8 da 5/32 a jere. Aikinsa shi ne ya matse wani gajeren zobe na jan ƙarfe da aka zura igiyar sau biyu a cikinsa, har jan ƙarfen ya kutsa tsakanin silin igiyar ya riƙe su. A cikin kwalin akwai takardar bayani da wani ɗan falle na ƙarfe mai tsagogi a gefensa, wanda bai kai tafin hannu ba. Wannan falle shi ne gejin awon matsi, kuma a ganina rabin kuɗin da mutum ya biya saboda shi ya biya, duk da cewa shi ne abin da ya fi saurin ɓacewa a kan benci.

Kafin a yaba wa awartaki ko a kushe shi, wajibi ne a san abin da ake nema ya riƙe. Igiyar da ake jan filafilai da ita galibi ita ce mai tufka bakwai, kowace tufka da sili 19, wato sili 133 ke nan a dunƙule, domin ita ce mai laushin da zai bi fuli, wato ƙaramar gargare da igiya ke bi ta kanta, ba tare da ta karye da wuri ba. Takardar jagora ta FAA mai lamba AC 43.13-1B, wadda aka fitar a 1998 kuma kusan kowane maƙeri yana da ita, ta kawo jadawalin ƙarfin irin wannan igiya. Mai kaurin inci 1/8 da aka yi da ƙarfe mai rufin tutiya ba ta halatta ta tsinke a ƙasa da laba 2,000 ba, wato kusan kilo 907, alhali 'yar'uwarta ta ƙarfen da ba ya tsatsa tana tsayawa a laba 1,760, kusan kilo 798. Mutane da yawa sukan ɗauka cewa marar tsatsa ta fi ƙarfi saboda ta fi tsada da sheƙi, amma jadawalin ya nuna akasin haka, kuma makanikai sun daɗe da lura cewa ita ce ke saurin cinyewa a wurin da take goga fuli. Tsohuwar dokar jiragen da kamfanoni ke ƙerawa ta hana a yi amfani da igiyar da ba ta kai inci 1/8 ba a manyan hanyoyin sarrafa jirgi. Dokar ba ta hau kan jirgin gida ba, sai dai ban ga hikimar yin ƙasa da ita ba in ba zanen jirgin ne ya faɗi wani kauri dabam ba.

Alkawarin da Nicopress ya yi shi ne cewa idan an dace da zobe, an dace da rami, an kuma yi yawan matsin da aka faɗa, to igiyar ce za ta tsinke kafin ta zame daga zoben. Jadawalin FAA ya goyi bayan wannan, domin ya nuna cewa zobe mai lamba 18-3-M a kan igiya mai inci 1/8 ya jure laba 2,300 a gwaji, sama da ƙarfin da aka ƙayyade wa igiyar kanta. Sharaɗin dacewa da zoben ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Igiya mai rufin tutiya tana ɗaukar zoben jan ƙarfe tsantsa ko mai rufin tutiya, igiyar da ba ta tsatsa kuma tana ɗaukar zoben jan ƙarfe mai rufin kuza. Zoben alminiyon da ake sayarwa a shagunan kayan gini don ɗaure shinge ko ƙofar gareji ba shi da gurbi a jirgin sama, ko da ya shiga ramin awartakin daidai. Haka nan igiyar da aka lulluɓe da roba, sai an feƙe robar daga wurin da zoben zai zauna.

Wajen aiki, awartakin ya gamsar da ni. Ana lanƙwasa igiyar a kan wani ɗan takalmin ƙarfe mai lamba AN100 wanda ke hana ta karyewa a lanƙwasar, a mayar da bakinta cikin zoben, a bar shi ya leƙo kaɗan ta baya, sannan a matse. Zoben inci 1/8 yana buƙatar matsi uku, kuma jerinsu yana da muhimmanci: na tsakiya da farko, sai na kusa da takalmin, sai na ƙarshe a nesa da shi. Dalili shi ne zoben yana ƙara tsawo idan an matse shi, daga inci 9/16 zuwa kusan 3/4, saboda haka wanda bai bar bakin igiyar ya leƙo ba zai tarar zoben ya haɗiye shi. Hannayen suna rufewa da wani ƙarfi mai daɗin ji a ƙarshen tafiyarsu, ta yadda mutum yakan san cewa ya kai matuƙa ba tare da ya yi ta kintace ba, kuma zoben yakan fito da santsi, babu tsagewa. Yawan matsin da sauran zobba ke buƙata ya danganta da irin awartakin, don haka takardar da ta zo da shi ce abin bi, ba abin da maƙwabci ya yi da nasa ba.

Inda yake da wahala shi ne yana cinye hannu biyu, alhali igiyar da takalmin da zoben su ma suna neman wanda zai riƙe su kada su goce. Yawancin maƙera sukan kafe hannu ɗaya na awartakin a bais ɗin benci, wato ƙarfen da ke danƙe kayan aiki, su danne igiyar da ɗan maƙalli a bayan zoben, sannan su danna ɗaya hannun. Wannan yana yiwuwa ga igiyar da za a iya gamawa a benci. Wadda kuwa dole sai an zura ta ta cikin gangar jirgin kafin a ɗaure bakinta, a nan tsawon hannayen yakan zama cikas, domin suna buƙatar fili su buɗe sosai, kuma cikin Pietenpol ba wurin sakewa ba ne. Wanda zai saya ya tsara tun da wuri waɗanne bakuna zai matse a waje.

Yanzu sai gejin. Bayan kowane matsi ana ɗaukar fallen, a nemi tsagin da ke da harafin ramin da aka yi amfani da shi, a zura wurin da aka matse a ciki. Idan ya shiga cikin sauƙi, matsin ya isa. Idan ya ƙi shiga, ko sai an tura da ƙarfi, to awartakin bai rufe yadda ya kamata ba, kuma wannan haɗin ba abin dogaro ba ne komai kyansa a ido. Abin da ya sa wannan awo ya zama dole shi ne awartaki ƙarfe ne da ke aiki a kan ƙusoshi, ƙusoshin kuma suna cinyewa a hankali, ta yadda bakin da yake rufewa ruf a bara zai iya barin ɗan rata a bana wadda ido ba ya gani. Kamfanin ya san da haka, shi ya sa ya sa noti na daidaitawa da na kullewa a jikin hannun. Ana sassauta makullin, a juya notin kaɗan, a kulle, a matse zoben gwaji a kan guntun igiya, a auna, a maimaita har ya shiga. Aiki ne na 'yan mintoci, kuma al'adata ita ce in yi zoben gwaji a farkon kowane zama kafin in taɓa igiyar da za ta shiga jirgi, musamman idan awartakin ya dawo daga aro.

A nan ne bambancinsa da na kwaikwayo ya fito fili. Wani abokin aiki ya kawo nasa da ya saya ta intanet a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashin wannan ba, fentinsa ma ya fi kyau, amma bai zo da geji ba, ramukansa kuma an rubuta musu milimita ne. Da muka matse zobe da shi muka gwada a gejina, sai ya tsaya a bakin tsagin, da muka ja igiyar a na'urar gwaji kuwa sai ta sulale ta fita daga zoben tana nan lafiyarta ƙalau, ko sili ɗaya bai tsinke ba. Ba ina cewa duk awartaki mai araha haka yake ba. Matsalarsa ita ce babu wani adadi da maƙerinsa ya wallafa wanda za a auna aikinsa da shi, saboda haka ko ya yi daidai mai shi ba shi da hanyar sani.

Duk da wannan yabo, gejin yana da iyaka, kuma ita ce babbar maganar da nake so mai karatu ya riƙe game da wannan kaya. Tsagin yana amsa tambaya ɗaya ce tak, wato ko an matse zoben har ya kai kaurin da ake so. Ba ya faɗin ko an wuce gona da iri har an raunata silin da ke ciki, domin zoben da aka matse fiye da kima shi ma zai shige tsagin salin alin. Ba ya faɗin ko igiyar da ke cikin zoben ta jirgin sama ce ko ta rataye labule, ba ya kuma gane cewa an sa igiya mai milimita 3 a zoben da aka yi wa inci 1/8, wanda yake milimita 3.175. Duk waɗannan za su ci jarrabawar geji. Abin da ke tona su shi ne a ja igiyar da nauyi na gaske.

Takardar FAA ta faɗi yadda ake wannan gwaji: a ɗora wa igiyar da aka gama kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da aka ƙayyade mata, a ɗora shi a hankali ba da fizga ba, a bar shi aƙalla minti uku. Ga igiya mai rufin tutiya ta inci 1/8, wannan ya kama laba 1,200, kusan kilo 544, ga marar tsatsa kuma laba 1,056. Kafin a ja, ana shafa ɗigon jan fenti a inda igiyar ta shiga zoben, domin idan ta zame ko da kaurin gashi ne fentin zai tsage ya nuna. Gwajin yana da wata fa'ida ta biyu, domin sabuwar igiya takan ɗan miƙe yayin da tufkarta ke zama, kuma gara ta yi wannan miƙewar a benci da ta yi ta a jirgi bayan an gama saita filafilai. Ban da wannan, yana da kyau a yi guntayen samfura daga naɗin igiyar da aka saya, da zobba daga kwalin da za a yi aiki da shi, a ja su har su tsinke. Samfuran da na matse da 64-CGMP duk a jikin igiyar suka tsinke, zobban suna nan daram, wanda shi ne ainihin abin da kamfanin ya yi alkawari. Igiyar da ta tsinke a ƙarƙashin nauyin da ya kusa tan guda tana dawowa da bulala mai iya cire ido, saboda haka ana zura ta cikin bututu ko a lulluɓe ta da bargo mai kauri, a kuma tsaya a gefe.

Na'urar gwajin ba ta zuwa da awartakin, kuma ita ma tana da tata matsalar awo. Masu hali sukan haɗa dogon ƙarfen gini da jak da sikelin rataye mai nuna lamba, amma sikelin da ba a tantance shi ba ƙarya kawai zai yi da lambobi masu kyan gani. Wanda ya zo da takardar shaida daga ɗakin awo da ke bin ƙa'idar ISO/IEC 17025, wadda a Amurka ake danganta awonta da ma'aunan NIST, hukumar ma'aunai ta ƙasar, shi ne abin nema. Wanda ba shi da wannan yana iya komawa ga dabarar sanda da madogara, wadda ba ta buƙatar batir: idan nisan da ke tsakanin madogara da nauyi ya ninka nisan da ke tsakanin madogara da igiya sau goma, to kilo 54.4 a ƙarshen sandar zai ja igiyar da kilo 544. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarkoki ma sun isa, muddin an lissafa nauyinsu da na sandar kanta, an kuma auna nisan da kyau, tunda kuskuren santimita ɗaya a gajeren ɓangaren yana zama kilo masu yawa a kan igiyar.

Sauran kayan awon da ke zagaye da wannan aiki ba su tsira daga irin wannan tuhuma ba. Na'urar auna taurin igiya bayan an ɗaura ta a jirgi ana gwada gaskiyarta ne ta rataye nauyin da aka sani a guntun igiya mai kauri iri ɗaya a ga abin da za ta nuna. Sifana mai awon ƙarfin ɗauri, wadda ƙa'idar ISO 6789 ta ce a sake tantance ta duk wata 12 ko bayan ɗauri 5,000, ta fi kuskure a ƙasan ma'auninta, alhali ƙaramin noti na AN3 da ya cika jikin irin waɗannan jirage yana buƙatar ƙarfin ɗauri na inci-laba 20 zuwa 25 kacal, abin da babbar sifanar gyaran mota ba za ta iya aunawa ba.

Mai karatu a Kaduna ko Zariya ba baƙon wannan harka ba ne kamar yadda zai zata. Jirgin horaswa na Air Beetle, wanda aka harhaɗa guda 60 a Kaduna don rundunar sojojin saman Nijeriya, an samo shi ne daga RV-6A na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wato jirgin da asalinsa maƙeran gida aka tsara wa. Ga matashin da ke sha'awar ƙera abin tashi a can gida, ina ganin samun awartakin ba shi ne zai fi ba shi wahala ba. Igiyar ce. Wadda ake samu a kasuwar kayan gini galibi ta awon milimita ce, wata ma zaren auduga ko roba ne a tsakiyarta maimakon tufkar ƙarfe, kuma babu takardar da ke faɗin ƙarfinta. Igiyar jirgi ana ƙera ta ne bisa ƙa'idar MIL-DTL-83420, an shafe silinta da mai tun daga masana'anta, kuma dillalin kirki zai ba da takardar da ke nuna hakan. Wanda zai yi odar awartakin daga waje ya haɗa da igiyar da zobban da takalman a oda ɗaya.

Farashin 64-CGMP ya haura dala ɗari biyu, kuɗi mai yawa ga kayan da mai jirgi ɗaya zai yi amfani da shi na ɗan lokaci sannan ya rataye. Wanda ke haɗa jirgin alminiyon na zamani irin RV, inda sanduna ke tura yawancin filafilai kuma 'yan igiyoyin da ake buƙata suna zuwa a game daga kamfani, ba ya bukatar sayensa, ya ara daga reshen EAA na garinsu, tunda rassa da dama suna da ɗakin ajiyar kayan aiki na aro, ya tabbata gejin ya biyo shi, ya kuma yi zoben gwaji kafin ya fara. Mai Pietenpol ko wani jirgin katako da ƙyalle kuwa ya saya, domin zai sake yanka igiyoyi fiye da yadda ya yi tsammani lokacin saita fukafukai, kuma zai buƙace shi duk lokacin da binciken shekara ya nuna silin da ya tsinke, wanda ake ganowa ta shafa tsumma a jikin igiyar a ga inda ya maƙale. Ya ware kuɗin sikeli ko na sandar gwaji tare da kuɗin awartakin tun farko, ya kuma sayi zobba fiye da lissafinsa, domin zoben da aka matse ba ya sake amfani, kuma wani kaso mai kyau daga cikinsu a kan guntayen gwaji zai ƙare.